Lissafin Bayan Isha'i a Zauren Alhaji

Na shiga Kantin Kwari a matsayin yaron shago a ƙarshen mulkin Shagari, da takardar firamare a hannu da 'yan shekarun sakandaren da ban ƙarasa ba. Mahaifina ne ya kai ni wurin wani amininsa, Alhaji, mai sayar da atamfa da shadda, ya ce masa ga ɗansa nan ya riƙe. Ba a yi maganar albashi ba, da an yi ma da an ji kunya. Abin da kowa ya sani shi ne za a ba ni kuɗin abincin rana, a yi mini ɗinkin sallah, in na isa aure a yi mini, sannan wata rana in hali ya yi kyau a sallame ni da jari. Wannan wata ranar ba ta da kwanan wata, amma saboda ita yara da yawa suka yi shekaru suna ɗaukar dila a ka a wannan kasuwa ba tare da sun ɗaga murya ba.

A lokacin Kwari ba ta cika da benaye kamar yanzu ba. Yawancin shagunan tsofaffin gidajen 'yan Labanan da Siriya ne da aka tsattsaga. Kayan da ke kan kanta kuwa mafi yawansu na gida ne. Masaƙun Kakuri a Kaduna suna aiki dare da rana: KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, da UNTL da ta biyo baya a 1964, da Arewa Textiles. Kano ma tana da nata masaƙun. Atamfar Holan da ta Ingila na masu hannu da shuni ne da kayan lefe. Sirrin kasuwancin a wancan zamani guda ɗaya ne, wato ka samu kaso daga kamfani. In motarka ta sauke kaya da safe, kafin azahar 'yan sari sun wawashe. Mai kaya shi ne sarki, mai saye ne ke roƙo.

Saboda haka ma'aunin yaro bai da wahala. Ya zo da wuri, ya share shago, ya iya ɗaukar kaya, hannunsa bai taɓa abin da ba nasa ba. Bayan sallar isha'i mukan taru a zauren Alhaji, babban yaronsa ya zube jakar ciniki a kan darduma, a ƙirga. Tambayar Alhaji ɗaya ce kullum: "Nawa aka yi yau?" In kuɗi ya yi daidai da turamen da suka fita, sai ya ce Allah Ya yi albarka, a kawo tuwo.

Babbar jarrabawar da na fara gani ita ce ta canjin kuɗi na watan Afrilun 1984, lokacin da gwamnatin Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da wa'adin da bai kai mako biyu ba, ta kuma ce naira 5,000 kawai mutum zai karɓa a hannu. 'Yan kasuwar da ke ajiye kuɗi a gida sai suka rarraba wa yara da dangi kowa ya bi layin banki. Alhaji bai rubuta komai a gabanmu ba, amma ya san wanda ya dawo da nasa cif, ya san wanda ya dawo da labari. Mutum biyu daga cikinmu da suka dawo da labari ba a kore su ba, ba a kuma zage su ba, sai dai daga ranar ba a sake aikensu Kaduna da kuɗi ba. Haka yake hukunci, kuma duk yaron da ya san ciwon kansa ya fi tsoron wannan shirun fiye da mari.

Abin da ya rushe wannan tsari mai sauƙi shi ne shirin SAP na Babangida a 1986. A watan Satumba na shekarar aka fara gwanjon kuɗin waje, aka soke lasin shigo da kaya, naira da ta kusa yin kai ɗaya da dala ta koma wajen huɗu a dala guda, daga nan kuma sai gangara. Masaƙu suna sayo rini da kayan gyaran inji daga waje, don haka farashinsu ya riƙa tashi ba ƙaƙƙautawa. Albashin ma'aikata bai bi ba. Matar da ke sayen turmi uku da sallah ta koma ɗaya. A karon farko muka ga kaya suna kwana a sito, muka ga Alhaji yana leƙa hanya yana jiran mai saye.

Dabarar da ya fara yi ita ce kamasho. Duk turmin da yaro ya sayar yana da ɗan abin da zai samu a kai. Ba shi ya ƙirƙiro ba, maƙwabta sun riga shi, kuma a watannin farko abin ya yi kyau ƙwarai. Yaran da a da suke gyangyaɗi a kan dila suka koma tare mutane tun daga bakin layi. Tambayar dare ta koma: "Kai turmi nawa ka fitar?" Kowa kuwa yana da amsa mai daɗin ji.

Sai da shekara ta zagayo aka zo ƙidayar zakka sannan gaskiya ta fito. Alhaji ba ya wasa da wannan ƙidaya. Akan rufe shago, a sauke komai daga kanta da sito, a yi wa kowane turmi kuɗinsa na ranar, a haɗa da tsabar da ke hannu da bashin da ake sa ran zai fito, a cire ɗaya cikin arba'in. Don Allah yake yi, amma ita ce kaɗai ranar da shagon yake ganin kansa gaba ɗaya. A wannan shekarar littafin bashi ya yi kauri fiye da kowane lokaci. Dalili a fili yake: an ce wa yaro ladansa na kan abin da ya fita daga shago, ba a ce masa komai ba game da abin da ya dawo. To wa zai hana ɗan sari kaya don ba shi da cikon kuɗi? "Ɗauka, Alhaji, in ka dawo ka cika," shi ne abin da ake ji a kowace kusurwa. Ga shi kuma kuɗin da aka biya bayan wata uku ba ya iya sayo kayan da aka bayar.

A daren da aka gama lissafin, Alhaji ya daɗe yana juya carbi. Da ya buɗe baki sai ya ce: "Ku daina gaya mini naira. Bara war haka turmi nawa ne a gidan nan, bana nawa ne? In kuɗi ya ƙaru turmi ya ragu, ai cin uwar kuɗi muke yi muna murna." Ban taɓa jin wanda ya bayyana hauhawar farashi a taƙaice kamar haka ba, har da masu zuwa gidan rediyo da turancinsu. Daga ranar aka daina sa farashi bisa yadda aka sayo kaya, aka koma sa shi bisa yadda za a sayo madadinsu. Kowace safiya akan tura yaro Wapa, wurin 'yan canji, ya jiyo yadda dala ta kwana kafin a buɗe baki a yi ciniki. Kamasho kuma aka ce ba ya faɗuwa sai kuɗi ya shigo akwati.

Wannan gyara ya toshe rami ɗaya ya buɗe biyu. Yara suka fara gudun duk mai neman bashi, har da waɗanda shekara da shekaru suna karɓa suna biya ba tare da an aika musu ba: matan da ke bi gida gida da atamfa a cikin unguwanni suna karɓar zubi, da fataken Maraɗi da Damagaram waɗanda al'adarsu ita ce su biya na baya su ɗauki na gaba. Wata dattijuwa da ke zuwa daga cikin birni, wadda muke kira Hajiya kawai, ta tsaya a shagon yara suna ta kauda kai, har ta juya ta shiga na maƙwabci, ba ta kuma dawo ba. Na biyu kuma, kowa ya koma tura abin da ake yayi, don shi ke fita da sauri. Zanen da ya kwana biyu ba mai ɗaga shi. Ƙari a kan haka, babban yaro ya kama bakin ƙofa ya kafe, duk mai tsabar kuɗi nasa ne, ƙananan sai su samu masu taya kaya su tafi. Mutanen da ke cin tuwo a kwano ɗaya suka fara kwana da gaba.

A cikinmu akwai wani yaro ɗan Ɗambatta, mai sanyin magana, wanda kullum shi ne na ƙarshe a lissafin dare. Ba ya tare hanya, ba ya jayayya a kan kwastoma. Mu dai mun yanke masa hukunci cewa kasuwa ba tasa ba ce, har ana raɗe-raɗin za a mayar da shi gida. Ƙidayar zakka ta gaba ita ta wanke shi. Ɓangaren kantar da yake kula da shi ne kaɗai babu kwantai, kuma duk sunan da ya rubuta a littafin bashi an soke shi da jan biro. Da Alhaji ya matsa masa da tambaya, sai ya fito da wani ɗan littafin makaranta daga aljihu. Ya rubuta wace dillaliya ce ke sayar wa amare, wace ce ke sayar wa tsofaffi, wane gari ne ke son launi mai duhu, wane ne ke son mai haske. In zane ya ƙi fita a Kano, ya san bafataken da zai so shi, sai ya ajiye masa. In mutum ya nemi bashin da ya fi ƙarfinsa, sai ya rage masa da lallashi. "Ranka ya daɗe, in na ba shi goma zai guje mu," in ji shi, "in na ba shi huɗu zai dawo mako mai zuwa."

Abin da ya burge ni a wurin Alhaji shi ne bai tsaya ga yabon yaron ba. Ya gane cewa tambayar da yake yi da dare ce ta makantar da shi, tunda abin da ta iya gani kawai shi ne cinikin yini ɗaya, alhali aikin wannan yaro sai a wata shida yake nuna kansa. Sai ya sake tsari. Rabin kamasho ya zama na tarayya, a tara a raba, don a daina kokawa a bakin ƙofa. Turmin da ya daɗe a sito ladansa ya ninka na sabo. Kowane mai karɓar bashi aka haɗa shi da yaro guda da zai san gidansa da shagonsa da iyakar abin da za a ba shi. Ƙidayar kaya kuma ta daina jiran zakka, ta koma duk ƙarshen wata, ko da yake mun tsane ta, don ranar sai dare ya raba. Tambayoyin zaure suka zama uku: me ya fita, me ya dawo, me ya kwana.

Na daɗe ina tunanin wannan. Sau da yawa maigida zai tara yara ya yi musu dogon jawabi cewa daga yau ga inda aka dosa, gobe kuma ya tambaye su abin da ya saba tambaya. Yaro ba ya bin jawabi, tambayar da zai amsa da dare yake bi, musamman in ita ce ke taɓa aljihunsa. Na ga 'yan kasuwar da suka fi Alhaji jari da wayo sun karye a waɗannan shekarun suna zagin yaransu da lalaci, alhali yaran suna yin daidai abin da ake biyan su a kai.

Akwai kuma wani mataki da yake sa yaro kafin sallama, wanda ban ga mutane da yawa suna yi ba. Ƙiradi yake ba shi. Ya tambayi malaminsa sharuɗɗan kamar yadda suke a Risala da sauran littattafan Malikiyya: jari ya zama tsabar kuɗi ba kaya ba, a yanke kason riba tun farko, in asara ta zo ba da sakaci ba mai dukiya ne zai ɗauka, yaro kuma wahalarsa ce ta tafi. Sai ya ƙirga kuɗi a gaban shaidu ya ce je ka juya. Yaron yana nan a gidan, yana ci yana sha, amma sayen kaya da sa farashi da zaɓen wanda zai ba bashi duk nasa ne. A nan ake gane bambancin mai iya sayarwa da mai iya kasuwanci, don ba abu ɗaya ba ne. Babban yaronmu, wanda bakinsa zai iya sayar wa makaho madubi, da aka ba shi ƙiradi sai ya zuba kuɗin duka a zane ɗaya da ake yayi, kafin ya ankara yayin ya wuce. Alhaji ya ɗauki asarar bai ce uffan ba, ya mayar da shi bakin ƙofa inda ya fi amfani, ya ƙara masa kaso.

Nawa ƙiradin ya zo ne daidai lokacin da aka karya darajar sefa, a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Kayanmu suka yi wa mutanen Nijar tsada dare ɗaya. Shaguna da yawa suka janye musu bashi. Alhaji ya ce mini: "Kai yaro, mutumin da ya biya ka lokacin da yake da shi, kada ka gudu ranar da ya rasa. Rage masa kaya, kada ka rufe masa ƙofa." Da waɗannan fataken na kafa shagona, wasunsu yau 'ya'yansu ne ke zuwa.

Ba zan ce duk abin da ke cikin wancan tsari alheri ne ba. Sallamar da ba ta da rana makami ce a hannun maigidan da ba ya tsoron Allah. Na san mutanen da suka yi furfura a shagon wani suna jiran ta. Na san waɗanda da lokacin ya matso sai aka laƙa musu sata a kore su hannu rabbana, kuma ba su da takardar da za su kai gaban kowa. Maƙwabtanmu Inyamurai na Sabon Gari sun fi mu a nan, domin su tun ranar da aka kawo yaro ake yanke shekarun da zai yi a gaban danginsa, kowa ya san ranar da za a tashi. Mu kuwa kunya ta hana mu faɗin adadi, sai mai ƙarfi ya ci moriyar kunyar. Da na fara ɗaukar yara, wannan ne abu na farko da na ara daga wurinsu: uban yaro ya zo, a faɗi shekaru, a rubuta, limamin masallacin layinmu ya sa hannu. Wasu dattawan kasuwa sun ce na kawo bidi'a.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwar ta sake juyewa, wannan karon har gindinta. Gwamnatin Abacha ta ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, ta Obasanjo ta mayar da shi a 2002, amma kayan Sin ba su daina shigowa ba, ta Kwatano da Lome su bi ta Nijar su sauko. Masaƙunmu ga rashin wuta, ga tsadar man inji, ga tsofaffin injuna, suka kasa gasa da farashin. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ta Kaduna a 2007. Kason kamfani, wanda a da shi ne dukiyar ɗan Kwari, ya zama tarihi. Alhaji a nan ya yi jinkiri. Ya tsufa, kuma yana ganin sayar da kwaikwayon zanen wani zubar da mutunci ne. Sai da 'ya'yansa suka karɓi ragama sannan shagon ya bi sahun masu zuwa Dubai da Guangzhou, kuma a lokacin waɗanda suka riga su sun yi nisa.

Irin yaron da ake nema ma ya canza. Ƙarfin ɗaukar dila yanzu aikin ɗan dako ne. Abin da ke da tsada shi ne ido: wanda zai kalli zane ya ce wannan zai tafi a bikin bana, wannan kuwa kada a yi odarsa da yawa. In kwantena za ta yi makonni a kan ruwa, yayi kuma yana iya mutuwa kafin ta iso, kuskuren zaɓe ɗaya ya isa ya cinye ribar shekara. Na fara shigar da yarana cikin zaɓen zane, kowa ya nuna nasa a rubuta sunansa a gefe, in kaya sun zo a ga na wa ya fita na wa ya kwanta. Wanda ya fi kowa dacewa a shagona wani ƙaramin yaro ne da ke zaune da yayyensa mata biyar, kullum yana jin hirarsu.

Wayar salula ta shigo a 2001, kuma ban gane girman abin da ta kawo ba sai bayan shekaru, da aka koma tura hoton atamfa ta WhatsApp ana biya ta banki. A zamanin Alhaji kwastoma shago ya sani, ya san layi, ya san ƙofa. Yanzu mace a Jos ko Yamai ba ta taɓa taka Kwari ba, lambar yaro kawai ta sani. In yaron ya tashi, da ita zai tashi. Wasu iyayen gida sun sayi wayar shago sun hana yara ba da lambarsu, abin bai yi aiki ba, don mai saye mutum take nema ba na'ura ba. Wasu sun koma albashin wata tsantsa, ba kamasho ba sallama, sai yaran suka riƙa ɗaukar hoton kayan shago suna sayar da na maƙwabci a ɓoye suna cin la'ada.

Ni abin da muka daidaita a kai da yarana shi ne, kwastoman da yaro ya samo da wayarsa a rubuta shi da sunan yaron, yana da kaso a duk cinikinsa muddin yana gidana. Ranar da na sallame shi ya tafi da su, da sharaɗin shekara biyu na farko a wurina zai riƙa sarin kaya, a farashin da nake ba manyan 'yan sari. Biyu daga cikin waɗanda na sallama sun cika sharaɗin har sun zarce. Na ukun ya yi wata biyar ya samu mai ba shi da rahusa a wani layi, maganarmu tana gaban dattawan kasuwa, sun ce mu dawo bayan sallah.